Malam Lawan Biyu a Ƙasar Damagaram

Tun da na dawo daga Nijar, ban taɓa zama a majalisarmu ta bakin tasha a Kazaure ba tare da wani ya ce, "Malam Lawan, wai yaya can ɗin take?" In na ce lafiya lau, sai su ce ba su yarda ba, wanda ya je lafiya lau ba ya dawowa yana rungume da jakar takardu har cikin masallaci. Biyu daga cikinsu malamai ne masu son tafiya, kullum suna neman in haɗa su da wanda ya kai ni. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta. Abu ɗaya na sauya, sunan mutumin da ya kai ni ɗin. Zan kira shi Habu, domin danginsa suna nan, muna haɗuwa a kasuwa.

Ni mutumin Roni ne. Shekara bakwai na yi ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Kazaure, har ranar da mai ita ya rufe ta ya mayar da azuzuwan shaguna. Na yi wata huɗu a zaune, ina ɗan taɓa gona. Ana cikin haka wata ranar Laraba babur ya tsaya a ƙofar gidanmu a Roni, Habu ya sauko cikin shadda mai maiƙo. Ɗan Gwiwa ne, tare muka yi kwalejin horar da malamai. A shekararmu ta ƙarshe mahaifinsa ya rasu, ya tafi gida ana saura kaɗan jarrabawa. Ban sake jin labarin karatunsa ba, na ɗauka ya koma ya ƙarasa.

Ya ce yanzu a Magarya ta ƙasar Nijar yake zaune, kuma akwai wata makaranta a Damagaram da ke neman malamin Turanci ido rufe.

Na ce, "Kai me za ka samu a ciki?"

Ya yi dariya har wushiryarsa ta fito. "Har yanzu kana nan da halinka, Lawan. Na ji an ce kana zaune, shi ne na tuna da kai."

Sharaɗi ɗaya ne. Sai an kai takardar shaidar karatuna ta asali an fassara ta da Faransanci an buga hatimi. Kwana uku ina jan ƙafa. Matata Zainabu ta ce kada in bayar, in bi shi da ƙafata a yi a gabana. Na kira shi na faɗa masa haka, ya ce aikin yana ɗaukar mako biyu, a ina zan zauna, me zan ci? Na bayar. Bayan mako biyu cif ya dawo da ita, an liƙe ta cikin roba mai ƙyalli gaba da baya, tare da fassarar. Ya ce can haka ake yi saboda zufa da ruwa. Na duba sunana, na duba lambata, komai daidai. Har na ji kunyar zargin da na yi masa.

An riga an buɗe makarantu da wajen wata guda lokacin da na tashi. Na shiga mota a tashar Kazaure da hantsi, muka bi ta Dambatta. Kusa da ni wata Hajiya ce mai jiki, 'yar kasuwa, tana kai robobi da atamfa Magarya. Tun kafin mu fita gari ta fara.

"Ɗana, ina zuwa?"

"Gaba kaɗan, Hajiya."

"Gaba kaɗan ina? Wannan jakar ba ta gaba kaɗan ba ce."

An sha gaya mini a hanyar iyaka kada ka faɗa wa kowa inda za ka. Da ta matsa, sai na ce ta'aziyya zan je Damagaram, ƙanin mahaifina ne ya rasu. Ta yi salati, ta yi wa mamacin da bai taɓa rayuwa ba addu'a mai tsawo, duk motar suka shafa. A Kanya Babba taya ta fashe, muka zauna ƙarƙashin bishiya kusan awa guda. Hajiya ta sayo mini dafaffiyar gyaɗa, wai mai makoki ba ya tunawa da ciki. Na karɓa na sa a aljihu, ban ci ba, don na ji labarin abin da ake sa wa matafiya a abinci.

A Babura ne Habu ya ce zai tare ni mu tsallaka tare. Na canza kuɗina zuwa sefa, na zauna ina jira har azahar. Sai ga wayarsa, wai aiki ya riƙe shi, in shigo kawai, zai jira ni a Magarya. Motar da na samu kuma, ga Hajiya a ciki ta riga ta kama mini wuri.

A bakin iyaka ta wajenmu ba a daɗe ba. Da muka shiga ɓangarensu aka sauke mu duka, wani jandarma siriri ya karɓi katunanmu ya shiga rumfa yana kiran suna ɗaya-ɗaya. Da ya zo kaina ya tambaye ni da Hausa abin da ya kawo ni. Na ce koyarwa, na miƙa masa takardar gayyatar makarantar. Hajiya tana bayana, sai ta sa baki don ta taimake ni.

"Ranka ya daɗe, a tausaya masa, ta'aziyya zai je. Baffansa ne ya rasu."

Jandarman ya dube ta, ya dube ni. Ya ajiye katina gefe guda, ya ce in koma bayan layi. Sai da ya sallami kowa sannan ya sa na zazzage jakata a kan tabarma, har ƙullin kuka da daddawar da Zainabu ta sa mini. Ya tambaye ni wace ce gaskiya a cikin biyun. Na ce koyarwa, waccan na faɗa ne don ban san matar ba. Ya ce to ai shi ma bai san ni ba. Fasinjoji suna ta tsaki a rana. Da ya sake ni na koma mota, Hajiya ta tattara zanenta ta matsa jikin taga. Har Magarya ba ta sake ce mini uffan ba.

Habu yana tsaye a wajen tasha, ba a ciki ba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ɗauki jakata ya nufi motar Damagaram, wai ita ce ta ƙarshe. Na ce ba za mu je in ga masaukinka ba, in sha ruwa? Ya ce wani lokaci. Muna cikin tafiya zuwa motar wani mutum ya wuce a kan keke, ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe Lawali, ina wuni?"

Na tsaya cak. Na ce, "Wa yake kira mushe?"

Habu ya ce in kwantar da hankalina, a nan haka ake ce wa malamin boko, daga Faransanci aka samo, ba ruwansa da mataccen abu. Na ce to yaya aka yi ya san sunana? Ya ce ai ya gaya wa mutane zan zo. Ya tura ni cikin mota, ya rufe ƙofa da kansa. Na tafi ina jin daɗi a raina, wai tun ban iso ba an san da ni.

Mai makarantar mace ce, Madam Rabi, doguwa mai tabarau, ba ta dariya sai ta gama auna maganarka. Ta karɓi takarduna ta ɗauki hotonsu don a kai ofishin sufeton ilimi, ta mayar mini a take. Ta sama mini ɗaki a gidan wani tsoho, Baba Mamman, wanda ya yi aikin tuƙin manyan motoci har ya gaji. Ɗakin yana jikin zaure, da katifa da randa da ƙusa uku a bango. Ƙofar ba ta da sakata ta ciki. Washegari na sayo na kafa. Baba Mamman ya tsaya yana kallona ina bugawa, ya ce shekara talatin ɗakin yana karɓar baƙi, ni ne na fara yi masa sakata. Na ce sabo ne kawai, Baba.

Abinci bai ba ni wahala sosai ba. Da safe burodi ne dogo kamar sanda, mai tauri a baya, ranar farko sai da ya yanke mini dasashi. Da rana matar Baba Mamman takan aiko da dambu da zogale, wanda ya fi namu yawan ganye, ko shinkafa da miya mai ɗan ruwa-ruwa. Tuwonsu lafiya lau, sai dai miyar ba ta jin yaji yadda muka saba, kullum da ƙullin barkonona a aljihu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shayi. Mu a nan shayi abin karin kumallo ne, da madara, a babban kofi. Su kuwa bayan la'asar za ka ga manyan mutane sun kewaye 'yar buta a kan gawayi, ana dafawa ana juyewa har ya yi kumfa, a ba ka a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, ɗaci kamar maɗaci. Sau uku ake zagayowa, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Makon farko nakan karɓa in faki ido in zubar a bayan benci. Ashe Baba Mamman yana gani. Ran nan ya ce, "Mushe, in ba ka sha ka ce ba ka sha. Tururuwan gidan nan sun daina barci."

A makaranta ma sai da na koyi abubuwa. In ka shiga aji yara duka za su miƙe tsaye, ba za su zauna ba sai ka ce. Ranar farko ban sani ba, na juya ina rubutu a allo kusan minti biyar suna tsaye. Maki a kan ashirin ake bayarwa, ba ɗari ba. Rubutunsu a haɗe yake kamar zare, kuma lambar ɗaya tasu tana da dogon baki irin bakwai ɗinmu, har na taɓa ba wata yarinya sakamakon wata saboda lambar kujera. Da tsakar rana kuwa gari yakan mutu, shaguna a rufe, ko mai gyaran takalmi ba ka samu. Sunan nan na Mushe dai har na baro ban saba da shi ba. Duk sanda yara arba'in suka haɗa baki suka faɗa, sai in tuna da mataccen abu.

Mutumin da ya hana ni sakewa shi ne Malam Isufu, mai kula da tarbiyyar ɗalibai. Gajere ne, ba ya ɗaga murya, kullum da ɗan littafi a aljihun gaba. Daga mako na biyu ya fara shigowa ajina ya zauna a bencin baya yana rubutu. Sauran malamai ba ya shiga nasu. In mun haɗu a wajen alwala sai ya jefo tambaya kamar hira.

"Mushe Lawali, wace shekara ka ce ka gama?"

In faɗa. Bayan kwana huɗu ya sake tambaya, kamar ya manta. Ya tambayi sunan kakana, ya tambayi nisan Roni da Kazaure, ya tambayi ko ina da ɗan'uwa a ƙasar. Wata rana na dawo na tarar da shi a zaure shi da Baba Mamman, ina shigowa suka yi shiru. Daga ranar na fara yawo da takarduna a cikin riga.

Na kira Habu na gaya masa. Ya ce, "Ka yi hankali da shi. Irinsu gwamnati ke sakawa su sa ido a kan baƙi. Ko ya tambaya kada ka nuna masa takardunka, kuma kada ka ambaci sunana." Na yi masa godiya. A duk ƙasar shi kaɗai na yarda da shi.

Wata uku da zuwana, ranar Litinin ina tsakiyar darasi, Madam Rabi ta leƙo ta ce in ɗauko takarduna, sufeto yana nemana. Malam Isufu ne ya raka ni.

Sufeton dattijo ne mai furfura a gemu, da fayil biyu a gabansa. A bakin ƙofa jandarma yana zaune a kujera. Bayan gaisuwa ya buɗe fayilolin ya juyo mini da su. Suna ɗaya, sunan mahaifi ɗaya, lamba ɗaya, kwaleji ɗaya. Ɗaya na makarantarmu, ɗaya na wata makaranta a Magarya.

Ya ce, "Ko dai kana da fukafukai, ko ɗayanku maƙaryaci ne. Kawo ta asalin."

Na zaro daga cikin riga na miƙa. Ya kai ta bakin taga ya karkata ta a haske, ya shafa da yatsa.

"Wadda na gani a Magarya hatiminta yana da tudu, ana jin sa a hannu. Wannan a shafe yake. Hoto ne mai launi aka liƙe a roba."

Mai keken nan na tashar Magarya ya faɗo mini a rai, da hannun da ya ɗaga. Ashe ba ni ya gaisar ba.

Na ba shi labari tun daga ranar Laraba a Roni, na fito da katina mai hotona. Ya ce wancan ma ya nuna kati mai hotonsa, kuma shi a aikinsa ya ga kati iri-iri. Ya sa katin nawa a aljihun tebur ya kulle. Ya ce in dawo ranar Alhamis, za a kawo ɗayan, kada in bar gari. Wanda aka samu da ƙarya, ga mai tafiya da shi nan a bakin ƙofa.

Kwana ukun nan ban koyar ba, Madam ta ce in huta tukuna. Wayar Habu a kashe. Ban gaya wa Zainabu ba, don na san abin da za ta tuna mini. Ranar Talata da la'asar Malam Isufu ya zo gida, ya zauna a kan bencin shayi, ya ajiye ɗan littafinsa a fili.

Ya ce, "Kana zargin ina bin ka. Gaskiya ne, ina bin ka. Tun mako na biyu sufeto ya ga sunan sau biyu, ya ce a sa ido kafin a ɗaga magana. Na je Magarya ma, na zauna a ajin wancan kwana biyu."

Na ce, "To me ka gani?"

"In faɗa maka gaskiya? Ya fi ka iya koyarwa. Yaransa suna magana, naka suna kwafa."

Maganar ta yi mini zafi fiye da zancen hatimin. Na ce ke nan ka yanke hukunci. Ya ce a'a, shi abin da ya gani yake rubutawa. Ya ga kuma duk sanda ya tambaye ni shekara, amsa ɗaya nake bayarwa ina jin haushi, wancan kuwa yakan bayar da ita da sauri yana murmushi, har da ƙarin bayanin da ba a tambaye shi ba. Amma wannan ba hujja ba ce. Baba Mamman ya miƙo mini kofi, na shanye ban ma lura ba.

Ranar Alhamis na tarar da Habu a kan benci a ofishin, cikin kwat, da ambulan ruwan ƙasa a cinyarsa. Bai ɗago ba. Sufeto ya shigar da mu tare, ga Madam Rabi, ga mai makarantar Magarya, ga Malam Isufu a gefe. Ya tambayi Habu ko ya san ni.

Ya ce, "Na san shi, ranka ya daɗe. Sunansa Habu, ɗan Gwiwa ne. Tare muka yi karatu amma bai gama ba. Ya taɓa kwana a wurina, ina jin a nan ya ɗauki hoton takardata."

Mutum yana zaune kamu ɗaya da ni, ya ɗauke sunana ya ɗora mini nasa, muryarsa ko rawa ba ta yi.

Sufeto ya yi ta tambayarmu ɗaya bayan ɗaya: darussan shekarar ƙarshe, inda muka yi koyarwar gwaji, yadda ginin kwalejin yake. Duk abin da na sani Habu ya sani, tare muka zauna a azuzuwan. Lambar takardar ma ya fi ni saurin karantowa. Na ga sufeto ya fara duban agogo, yana kuma duban ambulan ɗin da ke da hatimi mai tudu. A nan Malam Isufu ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, duka biyun sun ce mini iyayensu mata suna raye. Kowa ya kira tasa a buɗe murya mu ji."

Aka fara da ni. Na kira Inna. Sai da ta yi ƙara sau biyar ta ɗauka, ana jin awaki a bayanta.

"Inna, ina wuni. Ga wani babba zai yi miki magana."

Sufeto ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Hajiya, wannan da ya kira ki, yaya sunansa?"

"Kai wane ne?"

"Ma'aikacin ilimi ne a Damagaram. Sunansa kawai nake so ki faɗa."

"Ka tambaye shi mana. Ba shi da baki ne?"

Na ce, "Inna, don Allah ki faɗa, magana ce babba."

"Yau kuma? Zuwa Nijar ɗin ne ya koya maka wannan?"

Ni ne ɗanta na fari, tunda aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, kuma ba ta ga dalilin farawa a waya gaban baƙo ba. Sufeto ya ce, "To ɗanki ne?"

Ta ce, "Haka mutane ke cewa."

"Yana da yayye?"

"Ba kowa a gabansa. Shida ne a bayansa. Wani abu ya yi?"

"Bai yi komai ba, Hajiya. A wane gari kike?"

"Roni mana. Ina zan je?"

Da aka kashe, na ga gemun sufeto yana motsi. Ya ce tasa mahaifiyar har ta koma ga Allah ba ta kama sunan yayansa ba, yayan nasa ma Lawali ne. Amma ya ce ba a gama ba. Ya juya ga Habu.

Habu ya fito da wayarsa ya kunna. Ya nemo lambar, ya tsaya yana kallonta. Ya daɗe a haka, sannan ya kife wayar a kan tebur.

Ya ce, "Tana da hawan jini. Ba zan sa ta a cikin wannan ba." Ya tura ambulan ɗin gabana. "Tasa ce. Ni ne Habu."

Na buɗe. Takardata ce, har da ɗan lanƙwashin da ta yi a kusurwa tun ranar da na karɓo ta. Kafin jandarma ya fita da shi na roƙi a bar ni in yi masa tambaya ɗaya. Na ce me ya sa?

Ya ce, "Da na ce ka ara mini, za ka bayar?"

"A'a."

"To. Shekara uku na yi a kwalejin nan kamar kai. Na iya aikin, takarda ce ba ni da ita. Na ɗauka gari biyu ne, ba wanda zai haɗa."

"Da an tafi da ni yau fa?"

Ya miƙe ya bi jandarman.

Sufeto ya tambaye ni ko zan shigar da ƙara ta kaina, na ce a'a, abin da hukuma ta ga dama ta yi. Na ji ya yi 'yan makonni a tsare, sannan aka sake shi da sharaɗin kada ya sake shiga aji a ƙasar. Bai dawo gida ba. Wani direba ya ce ya gan shi a motar Agadas, wani ya ce a'a, Maraɗi. Mai makarantar Magarya ya ce yaran ajinsa sun yi ta tambaya yaushe Mushe Lawali zai dawo.

Na ƙarasa shekarar. Na fara sa yara magana a aji maimakon kwafa, ban gaya wa kowa dalili ba. Ni da Malam Isufu muka koma shan shayi tare, amma ko a ranar da zan taho ɗan littafin yana aljihunsa, kuma ban daina auna abin da zan faɗa a gabansa ba. Madam Rabi ta ce in dawo bayan hutu. Na ce zan yi shawara, har yanzu ina yi.

Kwana tara da dawowata Roni, da hantsi, babur ya sauke wata tsohuwa a ƙofar gida. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, aka aiko kirana. Mahaifiyar Habu ce, ta taso tun daga Gwiwa, da ƙullin ƙuli-ƙuli ta kawo wa yara. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce ta ji na dawo, shi kuma wata biyar ke nan wayarsa ba ta shiga, sai saƙon gaisuwa da yake aikowa ta bakin direbobi.

"Ku da kuke tare, yaya ka baro shi?"

Inna tana gefe tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Zainabu ta tsaya a ƙofar ɗaki. Na ce, "Baba, ba gari ɗaya muke ba. Amma wanda ya zauna a ajinsa ya gaya mini ya iya koyarwa ƙwarai, har ya fi ni. Yara suna son sa."

Ta daɗe tana kallona. Ta gyara mayafinta, ta ce, "Wannan na sani tun yana ƙarami. Ba shi na tambaye ka ba."

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ta jira, ni ma na jira. Can ta dafa ƙasa ta miƙe, ta yi wa Inna sallama. Na raka ta har bakin hanya, na tsayar mata da babur. Da ta hau, ta riƙe hannun rigata ta ce, "In ya kira ka, ka ce masa ko me ya yi, ya dawo gida."